Makarantar Jingwu ta Shanghai: Tarihinta da Abin da Fina-finai Suka Ƙara Mata

Jingwu makaranta ce ta koyar da dabarun faɗa na gargajiyar Sinawa, wadda aka buɗe a unguwar Zhabei ta birnin Shanghai a shekarar 1910. A wani tsohon gidan haya ta soma, amma kafin ta cika shekara 20 ta yi rassa a manyan biranen kudancin Sin da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, kuma har yau tana aiki. Yawancin waɗanda suka san ta a wajen ƙasar Sin ta fim suka san ta. A gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, inda fina-finan Hong Kong suka yi tashe tare da na Indiya a shekarun 1970 da 1980, 'yan kallo sun saba da Bruce Lee, wanda a fim ɗin Fist of Fury na 1972 ya fito yana ɗaukar fansar malaminsa da Japanawa suka kashe da guba. Makarantar da ke cikin fim ɗin ita ce Jingwu, malamin kuma shi ne Huo Yuanjia, mutumin da ya rayu da gaske. Daga nan ruɗani ya shigo. An cakuɗa abin da ya faru da abin da marubuta suka ƙaga, har ana yi wa makarantar kallon sansanin jarumai masu ramuwar gayya, alhali tarihinta na ƙungiyar ilimi da wasanni ne.

Kalmomin da ake rikitawa

A bakin jama'a duk wani faɗa da ake yi da shuri da saran hannu kareti ne. Kareti kuwa daga tsibirin Okinawa na Japan ya fito, judo ma na Japan ne, tekwando kuma na Koriya. Na Sinawa sunansa wushu, wato fasahar yaƙi, kuma ya ƙunshi faɗa da hannu da ƙafa, da kayarwa, da sarrafa makamai irin su takobi da mashi da sanda. Kung fu, sunan da ya fi yaɗuwa a duniya, asalinsa ƙwarewar da mutum ya samu ta hanyar naci da dogon lokaci ne, ko a girki ko a rubutu. Sinawan kudu da fina-finan Hong Kong ne suka mai da shi sunan faɗa. Akwai kuma guoshu, wato fasahar ƙasa, sunan da gwamnatin 'yan kishin ƙasa ta fifita daga ƙarshen shekarun 1920.

Taolu jerin motsi ne da aka tsara daga farko zuwa ƙarshe, ɗalibi ya haddace shi ya riƙa maimaitawa shi kaɗai ko da abokin horo. Shifu shi ne malami, amma kalmar tana ɗauke da nauyin uba, domin wanda ya shiga hannunsa ya zama kamar ɗan gida. Ita kuwa Jingwu haɗin kalmomi biyu ne: jing, gwanancewa, da wu, yaƙi. A Maleshiya da Singafo da ƙasashen Turai ana rubuta sunan Chin Woo, duk abu ɗaya ne.

Halin da ƙasar Sin ke ciki

An kafa makarantar a ƙarshen daular Qing, lokacin da ƙasar ta sha kashi a jere. Birtaniya ta ci ta a yaƙin ofiyom na 1839 zuwa 1842, yarjejeniyar Nanjing ta tilasta mata buɗe tashoshin ruwa biyar ga Turawa, har da Shanghai. Japan ta doke ta a yaƙin 1894 zuwa 1895. A Shanghai akwai unguwanni da Turawa ke mulki da dokokinsu da 'yan sandansu, Basine a cikinsu kamar baƙo yake a ƙasarsa.

A wannan zamani ne laƙabin "majinyacin Gabashin Asiya" ya yaɗu. Da farko daular ake nufi, kamar yadda Turawa ke kiran daular Usmaniyya majinyacin Turai. Masu neman gyara daga cikin Sinawa, irin su Liang Qichao, su suka ɗauki maganar suka yi ta zaburar da 'yan ƙasa da ita, har ma'anar ta sauya daga raunin gwamnati zuwa raunin jikin mutane. Aka wayi gari motsa jiki ya zama aikin kishin ƙasa.

Sai dai wushu kansa darajarsa ta zube a lokacin. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Sin a 1899 zuwa 1901, wanda Turawa suka kira na 'yan dambe, manoma ne suka yi shi, masu horon faɗa da suka yi imani tsafi zai hana harsashi huda su. Rundunar ƙasashe 8 ta murƙushe su, aka ɗora wa ƙasar tarar azurfa tael miliyan 450, tael kuwa ma'aunin azurfa ne na Sinawa. Bayan haka duk ɗan boko ya riƙa danganta wushu da jahilci da camfi. A 1901 aka soke jarrabawar ɗaukar hafsoshi ta gargajiya da ake gwada harbin kibiya da ɗaga nauyi. Jirgin ƙasa da bankuna kuma suka kashe sana'ar rakiyar ayari, wadda ta daɗe tana ciyar da gwanayen faɗa. Malamai da yawa suka rasa abin yi.

Tsarin koyarwar ma ya ƙara tsananta lamarin. Kowane salo mallakar wani gida ne ko wani ƙauye. Ana gadonsa daga uba zuwa ɗa, kamar yadda dambe ya daɗe a hannun gidajen mahauta a ƙasar Hausa. Baƙo ba ya samu sai ya yi mubaya'a ga shifu ya shekara yana hidima, kuma malamai sukan riƙe wasu dabaru ba su bayar ba. Idan malami ya mutu bai samu magaji ba, salon ya bi shi.

Wane ne Huo Yuanjia

An haifi Huo Yuanjia a 1868 a ƙauyen Xiaonanhe kusa da Tianjin, a arewacin Sin. Mahaifinsa Huo Endi manomi ne kuma mai rakiyar ayarin fatake, salon gidansu kuma shi ne Mizong. Ruwayar gidan ta ce Huo yaro ne mai yawan ciwo, mahaifinsa ya hana shi horo don kada ya kunyata sunan gida, shi kuwa ya riƙa leƙen 'yan uwansa yana maimaitawa a ɓoye har ya fi su. Da ya girma ya koma Tianjin, ya yi aiki a kantin magani na Huaiqing. Mai kula da kantin, Nong Jinsun, ɗan boko ne da ya zauna a Japan, yana kuma tare da masu neman kifar da daular Qing. Shi ya haɗa Huo da duniyar siyasa da jaridu.

Shaharar Huo ta ginu a kan labarai biyu. Na farko shi ne na wani ƙaƙƙarfan Barashe da aka ce ya zo Tianjin a 1901 yana cika baki, Huo ya amsa ƙalubalensa, shi kuma ya janye. Na biyu ya fi tushe. A 1909 wani Bature mai suna Hercules O'Brien, mai nuna ƙarfi a dandalin wasa a Shanghai, ya ƙalubalanci Sinawa, wasu 'yan kishin ƙasa suka aika Tianjin aka kira Huo. Chen Gongzhe, wanda ya yi tafinta a zaman da aka yi, ya rubuta daga baya cewa an daɗe ana jayayya kan ƙa'ida. O'Brien yana son damben Turawa, da safar hannu, ba a dukan ƙasa da ƙugu. Huo yana son a bar shi da hannu da ƙafa. Daga ƙarshe aka daidaita a kan kayarwa: wanda ya faɗi ƙasa ya sha kaye. Aka kafa dandali a lambun Zhang, wurin taron jama'a mafi shahara a Shanghai a lokacin, ranar ta zo, O'Brien bai bayyana ba. Huo da almajirinsa Liu Zhensheng suka kara da wasu Sinawa da suka hau dandalin.

Abin lura shi ne a labaran biyu duka ba a yi faɗan da Baturen ba. Karawar Huo da 'yan damben Turai da ake gani a fina-finai ƙari ne na baya.

Kafuwar makarantar

Sunan da Huo ya yi a lambun Zhang ya ba masu gayyatarsa dama. Nong Jinsun da Chen Qimei, jigo a ƙungiyar Tongmenghui ta masu neman kifar da daular Qing, wadda Sun Yat-sen ya kafa a Tokyo a 1905, suna cikin waɗanda suka tsaya aka tara kuɗi aka kama gida. Ranar da ƙungiyar ta fi riƙewa ita ce 7 ga Yuli 1910. Wasu suna cewa 1909, dalilinsu kuwa shi ne an yi bikin cika shekara 10 a 1919. Sunan farko Jingwu Ticao Hui ne, wato ƙungiyar motsa jiki ta Jingwu. An zaɓi kalmar motsa jiki da gangan, domin hukuma tana zargin duk wani taron masu horon faɗa tun bayan tawayen 1900.

Masana sun sha bamban kan manufar farko. Wasu na ganin Chen Qimei yana son wurin horar da matasa ne don juyin juya halin da ya zo a 1911, wanda ya kawo ƙarshen daular Qing, Chen kansa kuma ya zama gwamnan soja na Shanghai. Wasu na ganin ko da an yi wannan niyya ba ta yi nisa ba, domin tun da wuri ƙungiyar ta sanya wa kanta dokar nisantar siyasar jam'iyyu, kuma wannan ne ya ba ta damar zama lafiya da hukumomi daban-daban, har da na Turawan mulkin mallaka a ƙasashen da ta buɗe rassa.

Mutuwar Huo: guba ko ciwo

Huo bai daɗe a makarantar ba. Ya rasu a cikin 1910, watanni kaɗan bayan buɗe ta, yana da shekara 42. A kan wannan mutuwa aka fi samun saɓani.

Ruwaya ta farko ta ce bayan wata karawa da 'yan judo na Japan a Shanghai, inda Huo da Liu suka yi rinjaye, an haɗa shi da wani likita Bajapane mai suna Akino, maganin da ya ba shi kuma guba ce mai cin huhu sannu a hankali. Zargin ya fito a littafin Jingwu Benji, wanda ƙungiyar ta wallafa a 1919. Marubucin labaran jarumta Xiang Kairan ya faɗaɗa shi a wani dogon ƙagaggen labari da ya fara fitowa a 1923, daga nan ya shiga bakin jama'a. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da cewa a 1989, da aka tono ƙasusuwan Huo za a sake masa kabari, an ce an ga baƙaƙen tabo a jikinsu, alamar gubar arsenik.

Ruwaya ta biyu ta Chen Gongzhe ce, a littafin tarihin ƙungiyar da ya rubuta a shekarun 1950. Ya ce Huo ya daɗe da ciwon tarin jini, fatarsa ma ta yi ɗorawa, ya sha wani maganin Japanawa ciwon ya ƙaru, aka kai shi asibiti ya rasu bayan kamar mako biyu. Masu goyon bayan wannan ruwaya suna ƙarawa da cewa arsenik yana cikin haɗin wasu magungunan gargajiyar Sinawa, Huo kuma mutum ne da ya yi aiki a kantin magani ya kuma daɗe yana jinya, don haka samun alamarsa a ƙashi ba ya nuna kisa. Abin da ruwayoyin biyu suka haɗu a kai shi ne Huo ba shi da lafiya a lokacin. Labarin gubar kuma ya ƙara karɓuwa ne a daidai shekarun da gaba tsakanin Sin da Japan ke tsananta.

Waɗanda suka gina ta

Mutuwar Huo ta kusa rufe makarantar. Ɗalibai suka watse, kuɗi ya ƙare. Wasu matasa uku daga cikin ɗaliban farko ne suka tallafe ta: Chen Gongzhe, Lu Weichang da Yao Chanbo. Dukkansu 'ya'yan 'yan kasuwa ne masu ilimin zamani, kuma sun zuba dukiyar gidajensu a cikinta. Da guguwa ta rushe wurin horon a 1915, Chen Gongzhe ya ba da gida, aka koma can a 1916, aka sauya suna zuwa Jingwu Tiyu Hui, ƙungiyar wasanni ta Jingwu. Duk abin da ya bambanta makarantar da sauran wuraren koyon faɗa a hannun waɗannan mutane ya samu.

Abu na farko da suka yi shi ne buɗe ƙofa. Wanda ya biya kuɗin zama ɗan ƙungiya ya shiga aji, babu mubaya'a, babu rantsuwar ɓoye sirri. Malami ya zama ma'aikaci mai albashi. Na biyu, suka tara salo daban-daban a ƙarƙashin rufi ɗaya, abin da a da ba a yi. Zhao Lianhe ya zama babban malami. Chen Zizheng ya kawo salon faratan gaggafa daga lardin Hebei, Luo Guangyu ya kawo salon ƙoƙi-ƙoƙi daga Shandong, daga baya Wu Jianquan ya koyar da taiji, salon nan mai tafiya a hankali. Ƙungiyar ta karkasa salon faɗa bisa manyan kogunan ƙasar uku, na Rawayan Kogi a arewa, na Yangtze a tsakiya, na Kogin Lu'ulu'u a kudu, ta kuma hana 'ya'yanta gardamar wane salo ya fi wani.

Na uku shi ne manhaja. Kowane sabon ɗalibi sai ya bi ta taolu 10 na tushe kafin ya zaɓi salon da zai ƙware a kai. A cikinsu akwai na hannu, akwai na takobi da sanda da mashi, akwai na mutum biyu. Na farkonsu shi ne tantui mai layi 12, horon ƙafa ne zalla: ɗalibi ya tsuguna ƙasa-ƙasa, ya kai naushi, ya harba ƙafa da sauri daga gwiwa, ya taka gaba, ya maimaita a ɗaya ɓangaren har ƙarshen fili, sannan ya juyo. Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, sun shahara da nasu tantui mai layi 10. Jingwu ta sanya wa kowane motsi lamba, malami ya tsaya a gaba yana kira, sahu-sahun ɗalibai suna motsawa tare kamar faretin soja. Da haka mutum ɗaya zai iya horar da aji guda a filin makaranta. An raba karatun mataki uku, kowanne shekara 2, ana jarrabawa ana ba da takardar shaida.

Ba faɗa kaɗai ake koyarwa ba. Akwai ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da sauran wasannin Turawa, akwai kiɗa, da rubutun hannu, da ɗaukar hoto, da darasin daidaitaccen Sinanci ga masu karin harshen kudu. Tambarin ƙungiyar garkuwa ce mai taurari uku, kuma koyarwarta ta tsaya a kan tarbiyyar jiki da ta hankali da ta ɗabi'a. Tsarin ya yi kama da na ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA, wadda ke da ƙarfi a Shanghai a lokacin, da kuma yadda Japanawa suka mai da judo darasin makaranta. An buɗe sashen mata tun kafin 1920, ƙarƙashin jagorancin Chen Shichao, 'yar uwar Chen Gongzhe, a zamanin da al'adar ɗaure ƙafar mata ba ta gama mutuwa ba.

Sun kuma yi amfani da ɗab'i sosai. Sun buga littattafai masu hotunan kowane motsi, sun fitar da mujalla, sun ɗauki fim na horonsu. Abin da a da ake raɗa wa almajiri a tsakar gida ya koma abin da kowa zai saya a kantin littattafai. A bikin 1919 Sun Yat-sen ya rubuta wa Jingwu Benji gabatarwa, ya kuma ba ƙungiyar rubutun hannunsa na haruffa huɗu masu nufin ruhin girmama jarumta.

Yaɗuwa zuwa kudu da ƙetare

Malaman Jingwu galibi 'yan arewa ne, amma masu kuɗin da shugabannin da yawa 'yan asalin lardin Guangdong ne na kudu. Chen Gongzhe da Lu Weichang duk tushensu gundumar Xiangshan, mahaifar Sun Yat-sen. Wannan ne ya sa rassan suka bi hanyar kasuwancin mutanen Guangdong. An buɗe reshe a Hankou a 1918, a Guangzhou a 1919, a Foshan a 1921, a Hong Kong a 1922.

A 1920 ƙungiyar ta tura wakilai biyar, ciki har da Chen Gongzhe da Chen Shichao, zuwa ga Sinawa mazauna kudu maso gabashin Asiya. Sun bi ta Saigon da Singafo da Kuala Lumpur da wasu biranen Indonesiya ta yau, suna nuna fim, suna lacca, suna wasa a gaban jama'a. A 1921 aka kafa rassan Singafo da Selangor. Huo Dongge, ɗan Huo Yuanjia, ya koma tsibirin Java ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa a can. Ga Sinawan ƙetare, reshen Jingwu wurin horo ne kuma wurin riƙe harshe da asali, shi ya sa attajiransu suka ba shi filaye da gine-gine.

Masu suka

Tun tana kan ganiyarta Jingwu ta sha suka daga ɓangarori biyu. 'Yan bokon da ke kiran sabuwar al'ada suna ganin farfaɗo da wushu komawa baya ne. Marubuci Lu Xun ya yi wa masu yaɗa shi a makarantu ba'a a mujallar Xin Qingnian a 1918, yana danganta su da 'yan tawayen 1900 da suka tari bindiga da tsafi. Chen Tiesheng, editan littattafan Jingwu, ya mayar masa da martani cewa abin da suke koyarwa motsa jiki ne da ake aunawa da ilimin lafiya, babu ruwansa da aljanu ko maganin bindiga.

Daga ɗaya ɓangaren kuma malaman gargajiya suna ganin an tsinka ilimin. A ra'ayinsu, faɗa ana koyonsa ne hannu da hannu a wurin malami ɗaya shekara da shekaru, kuma sahun mutum ɗari masu bin lamba ba zai fitar da mayaƙi ba. Wannan suka tana da ƙanshin gaskiya, domin manhajar ta fi ba taolu muhimmanci a kan karawa ta gaske, kuma wasu masu nazari a yau suna ganin daga nan aka kama hanyar da ta kai ga wushu na gasa, wanda alƙalai ke ba da maki kan kyawun motsi. Amma shugabannin Jingwu ba su taɓa cewa mayaƙa suke son fitarwa ba. Burinsu ɗan kasuwa da akawu da ɗalibi su samu lafiyar jiki da ladabi, kuma salo da dama da suka kusa ɓacewa a ƙauyukan Hebei da Shandong ta hannunsu suka isa Hong Kong da Maleshiya, daga can suka shiga duniya.

Koma baya da farfaɗowa

Daga tsakiyar shekarun 1920 kasuwancin manyan masu ɗaukar nauyin ƙungiyar ya samu tangarɗa, kuɗi ya ja baya. A 1928 gwamnati ta kafa Cibiyar Guoshu ta Tsakiya a Nanjing ƙarƙashin Janar Zhang Zhijiang, wadda ta ɗauki yawancin tsarin da Jingwu ta fara, ta kuma fi ta kuɗi da iko. Harin Japan a kan Shanghai a 1932 ya fi muni a Zhabei, unguwar da makarantar ta soma, yaƙin 1937 kuma ya tsayar da yawancin ayyukanta. Bayan 1949 gwamnatin kwaminis ta mayar da harkar wasanni hannun hukuma, rassan cikin gida suka ragu, a zamanin Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976 kuwa aiki ya tsaya cik. Rassan ƙetare ne suka riƙe sunan. A Kuala Lumpur ma ƙaruwa aka yi, inda aka buɗe babban zauren wasanni na Chin Woo a 1953. Sai bayan 1976 aka farfaɗo da uwar ƙungiyar a Shanghai, ta sake ƙulla zumunci da rassan waje.

Abin da fim ya ƙara

Fist of Fury, wanda sunansa na Sinanci Jingwu Men ne, kamfanin Golden Harvest ya shirya shi, Lo Wei ya ba da umarni. Jarumin, Chen Zhen, ƙagaggen mutum ne da marubuci Ni Kuang ya ƙirƙira. Babu almajirin Huo mai wannan suna da ya shiga makarantar Japanawa ya lallasa kowa. Shi kansa Bruce Lee babban malaminsa Ip Man ne, salonsa na farko kuma Wing Chun na kudu.

Allon nan da Chen Zhen ya farfasa da shuri a ƙofar lambu, mai cewa an hana karnuka da Sinawa shiga, yana da tushe amma an gyara shi. Gaskiya ne an hana yawancin Sinawa shiga lambun jama'a na bakin kogin Huangpu har zuwa 1928, kuma dokokin lambun sun hana karnuka. Sai dai masana tarihi Robert Bickers da Jeffrey Wasserstrom sun nuna a 1995 cewa dokokin biyu a layuka daban suke cikin jerin ƙa'idoji, ba a sami shaidar allon hukuma mai wannan jimla guda ba. Wariyar ta faru, allon kuwa taƙaita ta aka yi.

Labarin ya ci gaba da haihuwa. Wasan talabijin na Hong Kong a kan Huo na 1981 ya yi farin jini ƙwarai da aka nuna shi a babban yankin Sin. Jet Li ya fito a matsayin Chen Zhen a Fist of Legend na 1994, sannan a matsayin Huo a Fearless na 2006. Fim na ƙarshen ya nuna an kashe mahaifiyar Huo da 'yarsa saboda girman kansa, abin da bai faru ba, domin zuriyarsa tana nan da yawa a Tianjin da Indonesiya. Wani jikansa ya kai ƙara kotu a Beijing kan ɓata suna, kotu ta ɗauki fim ɗin a matsayin ƙagaggen labari ta ƙi ba shi gaskiya.

Fina-finan sun yi wa ƙungiyar amfani, domin sun kai sunanta inda wakilanta ba su taɓa zuwa ba. Illarsu ita ce sun mai da hankali kan mutum ɗaya da ya yi watanni a makarantar, suka shafe waɗanda suka yi shekaru suna gina ta, suka kuma sanya ƙiyayyar Japanawa a tsakiyar labarin da asalinsa na gyaran ilimi ne.

Matsayinta a yau

Tsarin da Jingwu ta shimfiɗa, wato aji a buɗe, manhaja, matakai, takardar shaida da littafi mai hoto, shi ne makarantun kung fu da yawa a duniya ke bi yanzu, ko da ba su da alaƙa da ita. Wushu na gasa ya shiga Wasannin Asiya a Beijing a 1990, shekarar da aka kafa hukumarsa ta duniya, an kuma sanya shi cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar na 2026, abin da ake sa ran zai ƙara masa masu koyo a Afirka ta Yamma. Gardamar da aka fara a zamanin Chen Gongzhe, ko wushu motsa jiki ne ko faɗa, tana nan tsakanin masu gasa da masu riƙe da salon gargajiya.

Uwar ƙungiyar tana gundumar Hongkou ta Shanghai, rassa kuma suna Maleshiya da Singafo da Hong Kong da Turai da Amurka da Ostireliya, suna haɗuwa lokaci-lokaci a yi gasa. A 2009 aka sauya sunan garin da ƙauyen Huo yake ciki zuwa Jingwu, a 2014 kuma gwamnatin Sin ta sanya wushu na Jingwu cikin jerin al'adun gado na ƙasa da ake kiyayewa.